Igiyar da Za a Sako daga Sama

A shekarar da aka hana baburan okada hawa manyan titunan Legas na shiga ajin yaƙi da jahilci a Agege, furfura ta riga ta fito mini. Sana'ata haƙar rijiya. Malamarmu ta ce ba mai wucewa aji biyu sai ya rubuta shafi guda da hannunsa. Sau biyu ina gwadawa ina kasawa.

Wata rana ta karanta mana labarin masanan da ke son yin lif, irin na'urar hawa bene, zuwa sararin samaniya, babu roka, igiya kawai za a sako daga can sama. Aji ya kwashe da dariya. Wani ɗan ajinmu mai sayar da albasa ya ce, "Malama, su fara gyara motocin danfo na Oshodi tukuna."

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Malama, igiyar ce matsala. In rijiya ta yi zurfi, ba a wajen guga igiya ke tsinkewa ba, daga sama ne, domin can take ɗauke da nauyin kanta. Mahaifina kan murɗa saman da kauri, ƙasan siriri."

Ta daɗe tana duba waya. Ta ce, "Baba, abin da suka ce ke nan, kuma har yau ba su iya yin igiya mai wannan ƙarfi da tsawo ba. Shi za ka rubuta."

Mai albasa ya ce, "To injiniya, a ajiye mini kujerar gaba."

Lokacin ina haƙa a Isolo. Mu in muna cikin rijiya, komai ta guga muke aikawa. Ran nan ina cikin rijiya na gama rubuta layi goma sha ɗaya a hutun rana, na saka littafin a guga don kada ya jiƙe, na manta na lafta laka a kai. Abokin aikina ya ja, ya juye a tarin laka.

Saura kwana uku a karɓi shafi. Na zauna gida na sake daga farko, harafi bayan harafi. Mai gidan da nake wa rijiyar bai jira ba, ya ba wani haƙar.

Malama ta karanta, ta gyara kalma shida, ta ce na wuce. Abin da na rasa: littafi ɗaya, fensir biyu, rijiya ɗaya.