Lahadin da Surukina Ya Ƙi Zama

Ni dai sau ɗaya na taɓa riƙe muƙami a rayuwata, shi ma wata uku ya yi a hannuna. Heluma aka yi ni, wato shugaban leburori, a aikin hanyar da aka yanka daga wajen Ƙafin Maiyaki ta nufi Tudun Wada, shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin ko labarin madatsar Tiga babu. Ɗan kwangilar da ya karɓi aikin ya ɗauke ni ne don na yi elemantare a Bebeji, in an miƙo takarda ina iya karantawa. Ya rataya mini usur a wuya, ya ce mutum arba'in suna ƙarƙashina. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna.

Murnar kuwa da dalilinta. Surukina, uban matata, manomi ne na ƙasar Kiru, irin tsofaffin nan da in ka gaisa da su hannunka sai ya yi zafi. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa yi mini faɗa ba. Amma ranar da aka je neman aure, an ce ya tambayi kawuna: "Yaron naku hannunsa ya taɓa yin kanta kuwa, ko fensir kaɗai ya sani?" Maganar ta dawo kunnena ta yi zamanta. Saboda haka usur ɗin nan ba usur ba ne a wurina, amsa ce nake ba shi.

Ana wata ga wata. Sati na biyu da fara aiki, ina duba layin masu neman ci rani, sai ga surukina tsaye da kwanon ɗaukar ƙasa a hammata. Jama'a, kun taɓa ganin wanda aka ɗora a kan surukinsa? Mutumin da ba na iya duban idonsa, ba na cin abinci a gabansa, in mun haɗu a hanya sai na tuɓe takalmi na durƙusa, shi ne zan riƙa hura wa usur? Allah ya taimake ni bai taɓa jiran a sa shi ba. Kafin in hura ya riga ya ɗauki diga, in na hura usur ɗin tashi shi ne ƙarshen ajiyewa. A gaban mutane kuma "Heluma" yake kirana, murya a miƙe, ban san ko girmamawa ba ce ko zolaya.

Hutu kam ba mu san shi ba. Kwana bakwai muke yi cur, ran Juma'a a je masallaci a dawo a ci gaba. Babu wanda ya yi ƙorafi, don duk manoma ne, kuma gona ba ta taɓa tambayar kowa yau wace rana ba.

Wata Juma'a da la'asar sai ga ɗan kwangila a kan keke, gumi har cikin kunne. Ya ja ni gefe ya ce wani Bature sufeton ma'aikata zai zo daga Kaduna jibi Lahadi. Wai akwai wata majalisa can ƙasashen Turai da ke auna yadda kowace ƙasa take riƙe da masu yi mata aiki, cikin sharuɗɗan har da hutun yini ɗaya a mako. Gwamnati ta riga ta ce ana yi, shi ne za a zo a gani da ido, a rubuta, a aika.

"Ina so ya tarar da su suna hutawa," in ji shi. "Hutu na sosai, wanda ido zai gani. In ya ga mutum ɗaya da ko tsinke a hannu, ka cire usur ɗin nan ka ajiye mini, ka kama hanyar Bebeji."

Na ce, "Alhaji, hutu ne fa. Wa zai kasa hutu?"

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ran Asabar da yamma na tara su gindin wata ɗorawa don mu gwada. Na ce kowa ya zauna. Suka zauna. Na juya in sha ruwa, kafin in waiwayo wannan ya zaro rama yana tufkar igiya, wancan ya fito da allura yana ɗinkin hula, wani yana feƙe ƙota, biyu sun kama yi wa juna aski. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwacewa, ina masifa. Wani ƙato daga Doguwa ya dube ni da gaskiyarsa ya ce, "To Heluma, in muna hutun, hannuwan namu ina za mu sa su?" Na ce ya zauna a kansu, ya kuwa zauna.

Saura surukina. Shi ba zan iya zuwa gabansa in ce "Baba, gobe ka zauna" ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai na tsaya kusa da shi, na fuskanci wani abokina, na ɗaga murya: "Gobe fa zama za a yi, yara da manya, har baƙo ya zo ya tafi." Tsohon bai dube ni ba. Ya ce wa abokin nawa, "Ka gaya wa Heluma na ji." Ni kuwa don wauta na ɗauka ya yarda ke nan.

Ran Lahadi tun da safe na kulle diga da shebur da kwanuka a sito, na jefa makulli a aljihu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka haƙa gurbin dara, ɗan kwangila ya aiko da goro. Kai, in ka gan mu sai ka ce suna ake yi. Surukina ya ɗosana a bakin tabarma, baya a miƙe, kamar mai jiran a kira shi gaban alƙali. Goron ma bai karɓa ba.

Hantsi ya yi, sai muka jiyo ƙugin mota daga nesa. Na ga tsohon ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi hanya. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Baƙo ya taso tun daga Kaduna ya same ni zaune da hantsi kamar mai jinya? Ya koma ya ce mutanen Kiru ragwaye ne? A'a." Ya miƙe. Kayan aiki na kulle, amma duwatsun da aka tara don kwalbati ban kulle su ba. Ya nufe su, ya ciccibi ɗaya ya aza a ka.

To wane ɗa ne zai zauna yana dara, dattijo na ɗauke da dutse? Samari uku suka zabura: "Kawo, Baba! Kawo!" Ya miƙa musu, ya sunkuya ya ɗauki wani. Wasu suka taso suka karɓe, ya ƙara ɗaukar wani. Hankalina ya tashi, na kai usur baki na hura iya ƙarfina don su zauna. Na manta wata uku ke nan usur da hantsi abu ɗaya yake nufi, wato a kama aiki. Waɗanda suka rage a tabarma suka yi zumbur, har da ƙaton Doguwa, kowa ya ruga ya rungumi dutse.

Motar ta kusa, ina ganin farar hular Baturen. Sai surukina ya ɗauko wani dutsen wanda ya fi ƙarfinsa, ya biyo ta gabana daidai, jijiyar wuya ta fito. Na sani sarai in na taɓa dutsen nan muƙamina ya tafi. Na kuma sani in na tsaya hannu a aljihu uban matata ya wuce ni a haka, ko sarautar leburorin duniya aka ba ni ban ƙara zama mutum ba. Na tuɓe takalmi, na ce, "Kawo, Baba."

Haka sufeto ya sauko ya same ni: usur a wuya, dutse a ka, ƙafa ba takalmi, mutum arba'in na kai da komo a bayana. Ɗan kwangila ya fito daga bayan motar, ya dafa ƙofa don kada ya faɗi.

Tafintan da suka zo tare ya tambaye ni, "Yau wace rana?"

"Lahadi, ranka ya daɗe."

"Ina kayan aikinsu?"

"Na kulle."

Baturen ya dube ni, ya rubuta wani abu mai tsawo. Daga nan ya nemi wanda ya fi kowa shekaru, aka nuna masa surukina. Tafinta ya ce, "Baba, ana tambaya, yaushe rabonku da hutu?"

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya share gumi, fuskarsa cike da alfahari. "Ka gaya masa tun da aka fara hanyar nan ko yini ɗaya ba mu zauna ba. Ba ni ba, ba yaran nan ba. Heluman nan namu ba ya wasa. Da na ɗauka ɗan fensir ne, ashe namiji ne. Ka gaya masa ya rubuta."

Ya kuwa rubuta. Ni ina tsaye da dutse a ka, daɗi ya cika ni har hawaye suka taho, don tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin kalma irin wannan daga bakinsa ba. Kuma ina jin daɗin ina kallon ɗan kwangila yana miƙo hannu wajen wuyana. Kafin azahar usur ya koma aljihunsa, ni kuma na kama hanyar gida da tabarmata.

Bayan sati biyu labari ya zo cewa an tilasta hutun Lahadi a aikin, na gaske wannan karon. Na ce Allah ya sa albarka, ni dai na ga ta kaina. Na rasa abin yi, na soma haƙa rijiya a bayan gida, ina yi ina tsaki.

Lahadin da ta biyo, rana ba ta gama fitowa ba, na ji sallama. Surukina ne, ƙafafu fututu da ƙura, ya tako tun daga wurin aiki. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi zancen abin da ya faru ba, har ya bar duniya bai yi ba. Ya leƙa ramin kawai, ya tuɓe riga, ya sauka ciki. Haka ya riƙa zuwa duk Lahadi har muka kai ga ruwa, kuma rijiyar ce jikokina ke sha yau.

Amma a ranar farkon nan, da na ga furfurarsa can ƙasan rami, tausayi ya kama ni, na yi ƙarfin hali na faɗa masa kai tsaye abin da na kasa faɗa masa a wurin aiki. Na ce, "Baba, yau fa ranar hutunka ce."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai yanzu ba heluma ba ne," in ji shi. "Zuro guga."