Gwangwanin Jatau

Duk wanda ya hau mota tsakanin Talata Mafara da Maradun a shekarun da aka datse gulbi a Bakolori ya san Jatau mai akori-kura. In bai san shi da fuska ba, ya san shi da taurin kai. Ni dai ban ga na biyunsa ba, kuma ba yabonsa nake ba.

Mutumin Tungar Yari ne, wani ƙauye a fadamar ƙasar Maradun. Kada ka wahalar da kanka nemansa, yana ƙarƙashin ruwa. Can aka haifi Jatau, can ya yi noman gero da albasa kafin ya koyi tuƙi. A tsakiyar ƙauyen akwai rijiyar da kakansa ya haƙa, ruwanta da ɗan zartsi. Baƙo in ya sha sai ya yamutsa fuska, 'yan gari kuwa ba su san daɗin wani ruwa ba.

Ran da aka ce su tashi ruwan dam na tafe, Jatau ya yini yana kwasar kayan mutane zuwa tudun da aka ba su, wuri duk tsakuwa. A sawun ƙarshe, maimakon gadonsa, sai ya ɗora wani tsohon duro, ya cika shi da ruwan rijiyar. Ya zubar da ruwan lagireton motarsa, ya ɗura na rijiyar, sannan ya juyo wajen jama'a idanunsa jajur.

"Wallahi tallahi, ruwan da ya ci gidan ubana ba shi shiga motata. Ruwan rijiyar ga za ta sha. Ran da ya ƙare ta tsaya!"

Matarsa Taiba ta riƙe baki. "Malam, gadon namu ka bari don duro?"

Bai ko kalle ta ba.

To, rantsuwa ba ta da wuya, motar ce ba ta san da ita ba. Tsohuwa ce, da inji ya ɗau zafi sai ruwan ya kumbura, ya ture murfin lagireto, ya bi wani siririn tiyo ya tsiyaye a ƙasa. Kowane direba tsayawa yake ya ƙara daga kwata ya wuce. Jatau kuwa durƙusawa yake yana kallon ruwan kakansa ƙasa na shanyewa, ransa a ɓace.

Ya kai kukansa ga Bitrus bakanike, mutumin Zuru, da ke gyara a bakin tashar Mafara. Bitrus ya ce ya ga wata farar roba a motocin Turawan aikin dam, bari su gwada irinta. Ya samo gwangwanin man gyaɗa, ya ɗaure shi da waya a gefen inji, ya zura tiyon nan har gindinsa, ya sauya murfin da mai barin ruwa ya koma.

"Ka ga, Malam Jatau, in zafi ya koro ruwa, nan zai sauka ya jira. In inji ya huce, lagireto zai zuƙe abinsa. Amma kada ka bari gwangwanin ya bushe. Bakin tiyo ya zauna cikin ruwa, in ba haka ba iska zai zuƙa."

Suka tada mota har ta yi zafi, suka kashe, suka zauna. Can sai ga ruwan gwangwani yana ja da baya a hankali. 

"Ashe ko ruwa in an kore shi ana ba shi wurin jira, shi koma gida," in ji Jatau. "Mu hwa?"

Bitrus ya shiga tattara sifanunsa na kwance noti.

Haka Jatau ya yi shekaru. Ya kai albasa Jangebe, ya kai awaki kasuwar Maradun, duro yana raguwa da ɗan kaɗan-kaɗan. Wata rana kusa da Bakura babban tiyo ya fashe, ga kanal cike da ruwan dam a gefen hanya, ka miƙa hannu ka ɗiba. Fasinjoji suka yi roƙo, suka yi zagi. Ina! Ya sauke su, ya ɗaure tiyon, ya taka har gida ya ɗauko galan daga duro. Limamin unguwarsu ya kira shi ya ce addini bai matsa ba, ya yi kaffara ya huta.

"Allah gafarta Malam, na san da kaffara," in ji Jatau. "Ba ni so ne."

A shekarar fari duron ya ƙare. Jatau ya tura motar ƙarƙashin itacen bedi, ya ɗora ta kan duwatsu, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Gero bai yi ba, mota ba ta fita, tukunya ta fara kwana a kife. Taiba ta gaji da haƙuri.

"Ni ma ƙauyenmu ne, ni ma ina kewa! Amma 'ya'yanka rantsuwa za su ci? Ka ji tsoron Allah, Malam!"

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Ya rame, amma bai je kanal ba.

Ana cikin haka wani makiyayi, Sambo, ya zo da labarin cewa dam ya janye sosai, har kufan Tungar Yari ya fito. Jatau ya saɓi guga da igiya ya kama hanya. Ya tarar da gindin katangu, da kututturen tsamiya, da bakin rijiyar, cike fal da laka da ruwan dam. Waɗanda suka biyo shi kallo suka yi dariya, suka ce to ai shi ke nan, ita ma ta zama dam.

"Na sama ne na dam," in ji shi. Ya tuɓe riga ya fara yasa.

Shi kaɗai ya fara. Da aka kwana biyu tsofaffin maƙwabta suka soma zuwa, wannan da kwando, wancan da igiya, masu dariyar ma suka karɓi guga. Taiba takan kawo ɗan abin da ya samu, ta ajiye, ta yi faɗanta ta koma. Suka kwashe ruwan, suka kwashe laka, har suka kai ga tsakuwar gindi. Rijiya ta tsaya ƙaf. Aka yi ta leƙe.

Sai ga danshi yana tsattsafowa ta gefe, inda idon ruwan yake tun zamanin kakansa.

Da ruwan ya taru ya kwanta, Jatau ya ɗebo a ƙwarya. Bai sha ba, ya miƙa wa Taiba, don ya san duk duniya ita ce ba za ta yi masa kara ba. Ta kurɓa. Ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa, sai hawaye.

"Zartsin nan ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

Ƙwaryar ta zaga hannu hannu, manya da furfura suna kuka ba kunya. Jatau ya cika duronsa aka ɗora a amalanke. Kafin su tafi ya sa aka gangaro wani faffaɗan dutse aka rufe bakin rijiyar, ya bi gefe ya liƙe da yumɓu.

"Damina na zuwa hwa, Malam," in ji Taiba. "Ruwa zai sake rufe ta."

"Shi rufe," in ji Jatau. "Mun san inda take."

Ranar Talata akori-kura ta shigo tashar Mafara da lodin albasa, gwangwani na rawa a gefen inji, Taiba a gidan gaba.