Abin da Jar Ƙasar Bayan Gidanmu Ta Riƙe

Ku matso kusa ku ji, don wagga magana ba ta ɗaga murya ba ce, matar ɗana tana jin kunyarta har yau.

Ni ba mai fita ba ce. Bodinga anka haife ni, nan anka yi mini aure, in kun cire zuwa biki Shagari, garin su matar ɗan nawa, to duniyata ba ta wuce zaure ba. Amma Allah ya ba ni kunne.

Bayan gidanmu akwai fili mai jar ƙasa, inda wani mutum ya yi shekaru yana fasa tsofaffin batiran mota, ya narka dalmar ciki, ruwan batirin kuma ya zubar nan ƙasa. Da ya tashi, hankalin kowa ya koma kan rijiyarmu, don ba nisa tsakaninsu. Wata malamar gona da anka turo aiki garinmu, tana haya a maƙwabta, ta ɗebi ruwan ta kai awo Sakkwato, ta dawo ta ce ba a ga komai ba. Munka yi hamdala. Maigida ya ce tunda ruwa ya kuɓuta ai wurin lafiya lau ne. Da damina ta zaizaye katangar tsakar gida, sai anka haƙo ƙasar filin nan anka yi yaɓe da ita. Ƙasa ce mai kyau, ja wur, ga danƙo.

Shekarar ce matar ɗana ta samu cikin fari. Ran nan bayan azahar ina yankan albasa, sai na ji ƙaras-ƙaras bayan rumbu. Na ce ɓera ne. To amma ɓera ba ya tsayawa ya yi ajiyar zuciya. Na leƙa, sai ga ta tana ɓantarar katanga da farce tana kaiwa baki.

"Inna, ƙamshin ne," ta ce, kanta a ƙasa. "In an yayyafa ruwa ba ni iya haƙuri."

Dariya na yi, don ni ma na ci ƙasa da nawa cikin, uwata ma ta ci. Na ce ta dai bar mana rabin katangar kada awaki su shigo.

Da malamar ta leƙo gaisuwa da la'asar na ba ta labari don mu dara tare. Ba ta dara ba. Ta tambayi inda anka ɗebo ƙasar yaɓen, na faɗa mata, sai ta nemi kujera ta zauna. Ta ce jan da ke jikin ƙasar nan tsatsa ce, irin ta ƙarfe, ta lulluɓe kowace ƙwayar ƙasa, kuma dalma in ta gamu da wannan tsatsa maƙale mata take yi, ruwan sama bai cika iya wanke ta ya kai ƙasa ba. Na ce kamar ƙarangiya da zane ke nan. Ta ce kusan haka, sai dai ita ƙarangiya ana ganinta. Shi ya sa rijiya ta tsira: dalmar tana nan sama, daidai inda masu haƙa sunka kwasa.

"To ai in ta riƙe ta riƙe," na ce. "Ko cikin mutum ma sai ta fita da abinta."

Malamar ta ce, "A'a, Inna. Cikin mutum da tsami, kuma tsami shi ke sa ta saki. In ta saki, jini ya ɗauka, har ya kai ga jariri."

Nan take na tuna yadda nike cuɗa tukunya mai tsatsa da ruwan tsamiya, tsatsar ta narke ta bi ruwa.

Washegari ɗana ya kai matar tasa asibiti. Anka ce an ga dalmar a jininta amma ba ta yi yawa ba, kuma jinin nata ya yi ƙasa, wanda shi ke sa kwaɗayin ƙasa sau da yawa. Anka ba ta maganin ƙarin jini, kwaɗayin ya lafa. Malamar ta ce wai shi ma maganin da sinadarin ƙarfe a ciki. Wannan kam har yau ina juya shi a raina. Katanga kuwa anka jiƙa ta don kada ƙura ta tashi, anka kankare, anka shafe da siminti, maigida yana ta ƙunƙuni wai an ɓata yaɓe mai kyau.

Ta haihu can Shagari, namiji, angon nawa. Yanzu yana rarrafe, komai ya samu sai baki, ni kuwa ina biye da shi da wagga gwiwa tawa, in ya nufi ƙofar baya in ɗauke shi yana tsala kuka.

In an yi ruwa nakan tsaya in dubi filin nan, yana ta ƙamshi kamar bai san komai ba. Ƙasar da ta tsare mana rijiya ita ce ta so cutar mana da jika, kuma duk riƙo ɗaya ne. Ku fa, jar ƙasar da kunka yaɓe ɗakinku da ita, kun taɓa tambayar abin da anka zuba mata kafin ku?