Akushi Shida na Inna Iyatu

Kullum da hantsi, a wani ƙauye kusa da Miga, Inna Iyatu takan zauna bakin murhu tana feraye dankali. Ta zuba a tukunyar ƙasa da yakuwa, daddawa da garin ƙuli, ta hura wutar kara. Idan faten ya nuna sai ta jera akushi shida, alhali ita kaɗai ce a gidan.

Kada ku ce rikicin tsufa ne. Shekara arba'in ita ce mai girkin gayya: duk ranar da maza suka taru noman gonar wani, ita ke ciyar da su. Malam Hussaini, ɗaya daga cikin manoman, ya ce mini, "Da dariya muke yi mata in ta yanyanka dankali ta shanya a tabarma. Shekarar da rumbuna suka ƙare tun gero bai fid da kai ba, shi ta daka da ɗan garin dawa ta tuƙa mana tuwo. Muka ci, ba wanda ya sake dariya."

Yanzu tarakta da 'yan ƙwadago sun kashe gayya. Maigidanta ya rasu, 'ya'ya sun koma Dutse. Da Sallah jikarta Zulaihatu ta zo daga unguwar Yalwawa ta Dutse, ta ce, "Inna, ki riƙa ɗora sanwar mutum ɗaya mana."

"Hannuna bai iya ba, 'yar nan. Zauna dai in nuna miki shanyar dankalin."

Mota na jira, sai Zulaihatu ta ce sai wani zuwan. Tsoron Inna ke nan, kada ta tafi da abin da ta sani ba ta miƙa wa kowa ba.

Inna, ke ce uwar gayya, ke kika raba ƙauye da yunwa ba wanda ya rubuta sunanki. Na ji kunya da na ga akusanki rufe da faifai har la'asar, kina sauraren sallama. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu tsofaffi irinta, ku je ku zauna, ku ci, ku karɓi wuƙar ku koya, ku ciyar kamar yadda ta ciyar. Ni ranar da na je, ta rako ni har zaure, ta riƙe bakin ƙofa ta ce, "Gobe in sa sanwa da kai?"