Tukunyar Geron Azumi

Shekarun baya, a shekarar da mai gidana ya rasu, na tattara 'ya'yana biyu muka koma gidan goggona, ƙanwar babana, a Ƙofar Galadima. Ita Musulma ce, ni Kirista, kuma duk lungun ni kaɗai ce. Lokacin Turawa ba su tafi ba.

Azuminmu da ke kai mu Ista ya ƙarato, ni kuwa abin da na mallaka rabin buhun gero ne. Akwai abin da na gada wajen mahaifiyata: in azumi ya kama, duk sanda za ki auna hatsin tuwo, sai ki damƙi cikin hannu ki zuba a wata tukunya dabam, ki yi addu'a. Ranar Ista a kai majami'a don mabukata. Na wanke tukunya na ajiye bayan ƙyaure, na fara. Hannuna dai ya yi ta tsukewa, har damƙar ta koma yatsu uku.

Bazarar bana ba ta kai ta waccan shekarar ba. Da rana garin kan yi tsit, ganuwa tana rawa cikin zafi kamar a ruwa take. Nakan zauna gindin durumi ina kaɗi, ina maimaita addu'ar Ubangiji, in na zo wajen roƙon abincin yini sai in tsaya in leƙa buhu. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ga mahaifiyata tana sheƙa, ƙaiƙayi na tashi sama ba ya saukowa.

Sai buhu ya kwanta. Na kakkaɓe shi, na dama wa yara kunu tsararo. Goggo, wadda ita ma da kaɗi take ci, ta nuna bayan ƙyaure da haɓa.

"Ke 'yar nan, ga gero can yana barci, yara na hamma? Buɗe ki daka."

"Goggo, ba nawa ba ne."

"To na wa? Na gara? Taurin kan babanki kika kwaso, har da ƙari."

Na shiga ɗaki na zauna gaban tukunyar, na ɗora hannu kan faifan da ya rufe ta. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Na ce, "Ubangiji, ni ban iya roƙo mai tsawo ba. Kana gani." Ina nan zaune aka fara shelar an ga wata, gobe azumin Musulmi.

Washegari kafin magariba kwanukan ciyayya suka fara shigowa: kunun tsamiya, ƙosai, fate. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai saƙa, ta dire mini kwano nawa na kaina. Na ɗaure fuska na ce ni ba irin azuminsu nake ba.

Ta ce, "Na tambaye ki iri? Tun wancan watan nake ganin leɓenki a bushe. Karɓi, hannuna ya gaji."

Haka muka ci kullum har Ista.

Da safiyar ranar na ɗora tukunya a kai, yara na biye, muka nufi Wusasa, inda majami'armu take. Shamuwa ta fara dawowa, dutsen Kufena na can gabanmu shuɗi-shuɗi. Bayan sujada aka juye hatsin kowa wuri ɗaya. Na gyara zani zan tafi, matar fasto ta riƙo ni.

"Yaya, ina za ki? Ba ki karɓi naki ba."

"Nawa? Ai na mabukata ne."

Ta dube ni, ta dubi marayuna. "To wa kike tsammanin muke tara wa?"

Tukunyar da na ɗauko ba a cike ba, sai ga ta ta koma gida a cike, har da ƙullin wake. Goggo ta yi dariya har da hawaye, wai na kai gero yawon shan iska.

Yanzu na tsufa, jikoki na cewa na cika sa ido, kuma gaskiyarsu. Amma duk sa idon nan nawa, ban hango ta inda abincinmu zai fito ba. Har yau in azumi ya zo ina wanke tukunya, kuma da cikakken hannu nake zubawa.