Kafur a Adakar Ɗan Fari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun ji ni shiru tun bayan sallah, har wasu sun aiko suna tambaya ko jiki ne. Lafiyata ƙalau. Wannan rubutun ne nake ta farawa ina gogewa. Ku yi haƙuri da hannuna, sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Jinyar ɗana na fari zan ba ku labari.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na yi cikinsa. Aurena a Dutsin-Ma yake, amma da ciki ya tsufa aka mai da ni gidanmu a Barkiya, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Maigidana, Malam Idi, fataucin hatsi yake yi. Don murna ya aiko da adaka cike da riguna da 'yan huluna da zannuwan goyo, an zuba ƙwallayen kafur a tsakaninsu saboda asu. Ƙamshin ya burge ni. Na ƙara tura wasu cikin 'yan hulunan.

Na haihu lafiya. Gwaggo Hure, yayar babana, ita ke yi mana wanka. Safe da yamma ta shafe yaron da man shanu har yana ƙyalli, ni kuma in miƙo riga daga adaka.

Kafin suna na ga farin idonsa ya koma kamar an ɗiga gangamau. Nono ma sai ya kama ya saki.

Ni na fara gani. Ban ce komai ba.

Yaran yanzu ba za ku gane ba. A lokacinmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, balle ta ce ba shi da lafiya. Rashin kunya ne. Sai in jira ɗaki ya watse in buɗe idonsa da yatsa, in ji tafiya in yi maza in juya masa baya.

Sau ɗaya na gwada. Na ce, “Gwaggo, kamar hasken ɗakin nan bai da kyau.”

Ta yi dariya ta ce, “Mi ya dame ki da haske, ɗiyar nan? Ko ɗan naki kike son gani? Oh ni Hure, 'yan zamani!”

Mata suka ɗauka da shewa. Na rufe fuska da zane.

Ranar suna wanzami ya gama aski, ya riƙe yaron ya ƙi miƙo shi. Ya ce wa babana, “Malam, yaron nan kukansa bai yi mini ba. Ciwon shawara ne, kuma ya yi nisa.”

Aka ɗora mu a jaki zuwa Kurfi. Malamin asibiti ya danna goshin yaron, wurin ya fito rawaya. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Muka hau motar hatsi zuwa babban asibiti a Katsina. A hanya yaron ya fara sandarewa yana banƙarewa baya. A nan kunyar ta sake ni, na ƙwace shi daga hannun Gwaggo ina ihu.

Suka tsaga dunduniyarsa suka ɗebi jini. Likita ya ɗaga rigar da muka cire masa, ya kai hanci, ya yi magana da nas. Ita ta fassara mini: “Ya ce kafur ne. Fatar jariri siririya ce, abin da aka ɗora mata tana sha, in an shafa mai kuwa sai ya fi saurin shiga. Akwai yaran da jininsu bai jure shi, fashewa yake yi.”

Sai ta tambaya, “Yaushe kika fara ganin idon?”

Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Aka ce sai an ƙara masa jini. Mutanenmu a lokacin tsoron ba da jini suke kamar mutuwa. Malam Idi, da ya biyo mu asibitin, ya naɗe hannun riga, ya ce, “Ku ɗiba, amma ku rage mini na komawa Dutsin-Ma.” Sai da ya sayar da tunkiyarsa muka iya zaman garin.

Ni ma na kwanta. Nono ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni, ana yi mini allura ana tatse ni a kofi a ba yaron da cokali. Ina kwance ina jin ƙamshin kafur a zanen jikina, har Gwaggo ta kwashe kayan ta dafa su da toka. Ta dawo ta zauna bakin gado ta ce, “Ni na rufe miki baki, ɗiyata. Ki yafe mini.” Muka yi ta kuka.

Wata safiya yaron ya kama nono ya ƙi saki. Idon ya riƙa washewa a hankali har aka sallame mu.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Yau har jikoki gare shi. Amma kunnuwansa ba su dawo daidai ba, sai an ɗaga murya yake ji. A makarantar allo ya sha bulala ana cewa taurin kai ne. Likita ya ce da an zo da wuri, da wataƙila bai taɓa kunnen ba. Shi ɗan nawa bai taɓa zargina ba. Ni ce dai duk sanda ya karkato kai ya ce, “Na'am, Inna?” sai in ji abin a ƙirjina.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Malam Idi da Gwaggo Hure da wanzamin nan, ya saka wa ma'aikatan da ko sunansu ban sani ba.

'Ya'yana masu jego, ku raba kayan jariri da kafur. Kada ku shafa masa man zafi, ko lalle, ko wani haɗin da ma'aikacin lafiya bai gani ba. Ku fito da shi hasken rana kullum ku duba idonsa. In ya yi rawaya, ranar za ku tafi asibiti, ba sai an yi suna ba.

Kuma ki buɗe baki ki faɗa, ko surukinki ne zaune a ƙofar ɗaki. Dariyar da za a yi miki ta yini guda ce.