Ranar da Rahila Ta Tsare Makunni

Da asuba, ina dawowa daga masallaci, na tarar da Rahila tsugune a ƙofar ɗakinta tana naɗe na'urar gem, ta wasan talabijin, a cikin zaninta na zumuntar matan coci.

"Malam Ƙasimu, ka san gyaran wannan?"

"Maman Faith, ni janareta nake gyarawa. Abin da ba ya shan mai ban san kansa ba."

Mun daɗe a gidan haya ɗaya a Gyadi-Gyadi. 'Yar Kagoro ce, tana koyarwa a wata firamare a Unguwar Gano. Mijinta Paul direba ne a ma'aikata, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya juya wa bango fuska. Masu zuwa dubiya suka yi ta kawo sannu da nasiha, suka gaji suka daina. Ita ce mai ɗaga shi, ita ce mai yi masa wanka, sannan ta ɗauki jaka ta tafi makaranta. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ban kuma taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

'Yarsu Faith ce ta kawo tsohuwar na'urar kafin ta koma karatu Zariya. Paul ya fara wasan ƙwallo da hannun hagu. Ya kafa ƙungiyarsa a ciki, ya sa mata suna Kagoro, yana hawa da ita mataki-mataki. Wata rana babban yatsansa na dama ya motsa a kan fad, abin da ake riƙewa a latsa. Abin da motsa jikin asibiti bai sa shi yi da son rai ba, ƙwallon nan ta sa shi. Kuma duk wahalar da ya sha a kan ƙungiyar a cikin na'urar take ajiye.

A gidanmu injin janareta ɗaya muke haɗawa. Ƙa'ida ce, duk wanda ya fara ganin ƙwan zaure ya kama, alamar an kawo wuta, sai ya ruga ya juya makunni daga inji zuwa wutar, a kashe inji. Ba a tunani, ƙafa ce ke kai mutum. Jiya da yamma na'urar tana cikin sabunta kanta, an ma rubuta a talabijin kada a kashe, ƙwai ya kama. Rahila ta ruga ta juya. Wuta ta ƙifta. Tun daga nan layin da ke cika a talabijin ya tsaya a tsakiya, ko an kashe an kunna nan yake komawa.

"Me Baban Faith ya ce?" na tambaye ta.

"Bai ce komai ba. Ya juya wa bango fuska."

Na fasa buɗe shago. Muka hau adaidaita sahu zuwa kasuwar waya ta Tarauni, wurin wani Zakariyya mai gyaran irin waɗannan. Ya jona, ya duba, ya taɓe baki.

"Madam, mu wanke ta kawai. Ta dawo sabuwa fil."

"Ƙungiyar fa?"

"Wace ƙungiya? Komai zai tafi. Oga ya kafa wata mana."

Mai ƙafa biyu da hannu biyu ne ke faɗin haka. Rahila ta janye na'urar zuwa ƙirjinta.

Da ya ga ba za ta saki ba, sai ya ce akwai wata hanya. Ya zuba mata sabuntawar a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura. A danne maɓallin kunnawa har ta yi ƙara sau biyu, a zaɓi ɗaukowa daga filash, ban da zaɓin ƙarshe, shi ne mai wankewa. "Amma in wuta ta sake ƙiftawa, ba ruwana. A nan ma injin layinmu yankewa yake."

"Nawa ba ya yankewa," na ce.

Na faɗa ne kawai. Injin gidanmu ya tsufa, ni na san abin da ke cikinsa.

Muka dawo da hantsi. Na wanke fulogi, na tace mai, na tayar. Rahila ta bi abin da aka gaya mata, tana karantawa da yatsa. Paul na kwance, bayansa kawai ake gani. Layi ya fara cika, ya zo daidai inda ya saba tsayawa, ya tsaya.

Muka zuba ido. Ba motsi. Inji ya yi tari, na fita na tsugunna na riƙe cok, marikin iskar injin, da hannu don kada ya mutu.

Sai ƙwan zaure ya kama.

Inna Sa'adatu, mai gidan, ta fito da saurinta na tsufa, hannu a miƙe. Rahila ta riga ta isa. Ta jingina bayanta da makunnin.

"Matsa, 'yar nan, an kawo wuta."

"Inna, ki yi haƙuri. Yau ba za a taɓa ba."

"A gidana? Mai na ƙonewa saboda wasan yara?"

"Ba wasan yara ba ne, Inna. Hannun Baban Faith ne."

Ƙafarta ba ta gusa ba. Inna ta leƙa ta labule, ta daɗe tana kallon bayan Paul. Ta ja tsaki, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gindin makunnin.

"Je ki wurin mijinki. In ga mai taɓawa."

Ni dai ina riƙe da cok, hayaƙi na shiga idona. Daga inda nake ina hango gefen talabijin. Layin ya matsa kaɗan. Ya sake tsayawa. Sai gaba ɗaya fuskar talabijin ta yi baƙi. Na ji Rahila ta ce, "Yesu." Ta rufe ido da tafin hannu.

Kiɗan wasan ya tashi. Ba ta buɗe ido ba. Gado ya yi ƙara, sai muryar Paul, mai nauyi kamar yadda ta koma tun ciwon:

"Kagoro... tana nan."

Inna ta ce to yanzu a kashe mata inji. Rahila ta ce a bari tukuna a kashe na'urar yadda ya kamata, Inna ta ce yau ta ga iko.

Bayan an juya wutar an sake kunnawa, Rahila ta tayar da Paul zaune, ta sa masa filo a baya. Ta ɗora fad a hannunsa na dama, ta lanƙwasa yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya har suka kama. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita da sauri, ko ta riski darasin ƙarshe.